Kafin a Goge Gem: Yadda Ake Cin Moriyar Wasannin Buɗaɗɗiyar Duniya a Ƙasar Gumel

Duk ranar Alhamis, kafin rana ta take, kasuwar Maigatari ta cika ta batse. Raƙuma da shanu da tumaki na shigowa daga Nijar, manyan motoci na lodi zuwa kudu, dillalai na ta ciniki a kara. A gefe guda kuma, a rumfunan masu cajin waya, akwai wata 'yar kasuwa da ba a fitar da ko sisi a cikinta. Matasa ne suka haɗa kai, an kunna Xender, wannan na tura wa wancan gem. Wanda ya zo daga Sule Tankarkar ko daga wani ƙauye na Gagarawa zai koma gida da wayarsa cike fal.

Bayan mako guda, galibin abin da aka tura ɗin an goge shi. An buɗe gem, an zuba masa lambobin cit, an ɗauki tankar yaƙi an ragargaza gari na kwana biyu, sai gundura ta zo. Daga nan sai a shiga neman wani sabo, idan ba a samu mai turawa ba a saye data a sauke.

Wannan ɗabi'a tana da tsada. Tun a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Yawancin wayoyin da ke hannun matasa, irin su Tecno da Infinix da itel, memorinsu bai wuce GB 32 ko 64 ba, kuma WhatsApp da TikTok da hotunan biki sun riga sun cinye rabi. Ga wutar lantarki ba ta zama, caji ma sai an biya. A irin wannan yanayi, abin da ya kamata a auna gem da shi shi ne awa nawa ya ba mutum na jin daɗi. A misalce, wanda ya kashe naira 3,000 ya sauke gem ya buga awa 6 ya goge, kowace awa ta zo masa a kan naira 500. Wanda ya zauna da gem ɗin har awa 100, kowace awa naira 30 ta ci masa. Gem ɗaya ne, waya ɗaya, bambancin kawai yadda aka buga shi.

Wane irin gem ake magana a kai?

Gem ɗin ƙwallo irin eFootball ko Dream League, minti goma an gama wasa. Free Fire da Call of Duty ma zagaye ne, a shiga a fafata a fito. Wasan buɗaɗɗiyar duniya kuwa ƙasa guda ake miƙa wa mai wasa, da garuruwanta da dazuzzukanta da mutanenta, a ce ya nufi inda ya ga dama. Idan aka haɗa wannan da tsarin da ake kira RPG, mutum zai shiga rigar wani jarumi, ya raine shi tun yana ba kowa ba, ya zaɓa masa sana'a da hali da abokai da abokan gaba.

Shiga rigar wani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya yi tashe a watan azumi ya san shi. Yaro zai liƙa gemun auduga, ya ɗauki sanda, ya ranƙwafa, muryarsa ta koma ta tsoho. Daɗin wasan yana ga yadda ya riƙe rawar da ya ɗauka. Da zai miƙe tsaye ya riƙa magana da muryarsa ta kullum, da babu mai ba shi ko ƙwandala. Haka RPG yake. Wanda ya buɗe shi don ya ga ƙarshen labari kawai, ya bar mafi yawan abin da aka gina masa a baya.

Zaɓen gem ɗin da waya za ta iya ɗauka

Mataki na farko shi ne a san wanda ke buƙatar intanet da wanda ba ya buƙata. Genshin Impact, wanda wani kamfanin ƙasar Sin ya fitar a watan Satumban 2020, kyauta ake sauke shi kuma duniyarsa tana da faɗi da kyau, amma ba ya buɗewa sai da data, yana haura GB 20 a waya, kuma duk bayan makonni shida akwai sabuntawa mai nauyi. A cikin garin Gumel inda sabis ke da ƙarfi, mai babbar waya zai iya. Wanda ke ƙauyen da sai an hau tudu ake samun layi, wahala kawai zai saya.

GTA San Andreas ya fito a PlayStation 2 a 2004, ya zo waya a ƙarshen 2013, bai kai GB uku ba, kuma ana buga shi ba tare da intanet ba. Ba cikakken RPG ba ne, amma yana da jininsa: jarumin, CJ, yana ƙiba idan ya cika ci, yana yin ƙwanji idan yana zuwa ɗaga ƙarfe, hannunsa na faɗawa a tuƙi da yawan tuƙawa. Sai dai a sani cewa an yi shi ne don manya, 'yan shekara 18 zuwa sama, ba gem ɗin da za a miƙa wa ƙanne ba ne.

Exiled Kingdoms ƙaramin gem ne da ƙaramar waya ke ɗauka ba tare da kuka ba. Ɓangarensa na farko kyauta ne, a biya sau ɗaya a buɗe sauran, kuma ba ya neman data. Stardew Valley, wanda mutum ɗaya tilo, Eric Barone, ya shafe sama da shekara huɗu yana ginawa kafin ya fito a 2016, ya zo Android a 2019. Shi noma da kiwo da kamun kifi ne jigonsa. Sai Minecraft, wanda duniyarsa ba ta da iyakar da mai wasa zai taɓa kaiwa a zahiri. Masu tsohuwar laftof kuma, irin ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel da ke da ita don aikin makaranta, za su iya gwada Morrowind na 2002, ko Fallout New Vegas na 2010, ko Skyrim na 2011 idan an rage girafik. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma waɗannan har yau ba a daina buga su ba a duniya.

Cit da MOD: gajeriyar hanyar zuwa gundura

Babban abin da ke kashe gem da wuri shi ne kuɗi marasa iyaka da ran da ba ya ƙarewa. Masu tsara waɗannan wasanni sun gina su a kan rashi. Jarumi ba shi da kuɗin takobi, don haka sai ya je farauta. A wajen farauta ya gamu da wani mutum, mutumin ya ba shi aiki, aikin ya kai shi garin da bai taɓa zuwa ba. Da zarar an zuba miliyoyi a aljihunsa tun ranar farko, an tsinke wannan sarƙa. Babu dalilin farauta, babu haɗuwa, babu tafiya.

Wani lokaci ɓarnar ta wuce gundura. A San Andreas, akwai cit ɗin da ke sa mutanen gari su riƙa kai wa juna hari. Wanda ya saka shi sannan ya yi sebin, ba ya sake cirewa, kuma an san yana iya lalata mishan ɗin ceton mawaƙi Madd Dogg can gaba a labarin, har mutum ya kasa wucewa. Awanni da yawa na wasa su tafi a banza saboda nishaɗin minti biyar.

Haɗarin da ya fi wannan yana tattare da MOD APK, wato gem ɗin da wani ya buɗe ya yi wa kwaskwarima ya sake rufewa. Babu mai tabbacin abin da aka cusa a ciki. Wayar da ake buga gem da ita, ita ce dai ke ɗauke da manhajar banki, ita ke karɓar lambar sirri ta saƙon tes, wani ma da ita yake sana'ar POS. Gem ba shi da wata hulɗa da karanta saƙonni, ko duba lambobin mutane, ko neman izinin sarrafa fuskar waya. Duk wanda ya nemi irin wannan izini a lokacin girka shi, a goge shi nan take.

A rage dogaro da taswira

Mutum biyu za su je kasuwar Maigatari. Na farko an aike shi sayen igiya, ya sauka daga mota ya saya ya juya. Na biyu ya zaga wajen raƙuma, ya leƙa 'yan riɗi da zoɓo, ya tsaya wajen mai tsire, ya ji labarin farashi a Damagaram. Dukansu sun je kasuwa, amma ɗaya ne zai dawo da labari.

Yawancin wasannin zamani suna mayar da mai wasa ɗan aike. Akwai ƙaramar taswira a kusurwa, akwai kibiya ko ɗigo mai nuna inda za a je, idon mutum na kan ɗigon, duniyar da aka ɓata shekaru ana zanawa tana wucewa bai gani ba. Maganin yana cikin saitin gem. Da yawansu suna ba da damar kashe ƙaramar taswirar ko cire alamar mishan. Zelda Breath of the Wild na 2017 yana da saiti na musamman da ke share kusan komai daga fuskar allo. Morrowind kuwa tun asali ba shi da kibiya. Mutanen cikinsa kwatance suke yi, irin wanda ake yi wa baƙo a karkara: a bi hanyar kudu, a ƙetare gada, a karya dama wajen dutse. Mai wasa zai ɓata, kuma a cikin ɓatan ne yake faɗawa kogon da bai san da shi ba.

Abu na biyu shi ne tsallake, wato danna wuri a taswira a tsinci kai a can. Yana da amfani idan caji ya kusa ƙarewa, amma idan ya zama ɗabi'a, duniyar gem ta koma jerin ɗakuna. A Skyrim, mai wasa zai iya ɗaukar wa kansa alƙawarin ba zai yi tafiya ba sai a ƙasa, ko a kan doki, ko a keken dokin haya da ke tsayawa a ƙofar manyan garuruwa. Masu tsara gem ɗin sun shuka abubuwan ba-zata a kan hanyoyi, mafarauta da 'yan fashi da masu neman taimako, waɗanda mai tsallake ba zai taɓa gani ba.

San Andreas ma haka. Labarinsa kimanin mishan 100 ne, amma a Los Santos akwai rubutun bango 100 da ake fesawa, a San Fierro wuraren ɗaukar hoto 50, a Las Venturas takalman doki 50, a ƙarƙashin ruwa kuma kawa 50. Wanda ya neme su da idonsa, ba tare da ya buɗe YouTube ba, zai san lungunan waɗannan birane kamar yadda ɗan acaɓa ya san unguwannin Gumel.

A ba jarumi sana'a da doka

Ga dara nan, ramuka 30 ne a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Dattawa sun shekara hamsin suna buga ta a gindin bishiya ɗaya ba su gaji ba. Dokokinta ne suka sa kowane zama ya bambanta da na jiya. Wanda gem ya fara gundurarsa, sau da yawa ƙarin doka yake buƙata.

Masu buga Pokémon sun shahara da wannan. Tun 2010 suke da wani tsari da ake kira Nuzlocke, wanda ba kamfanin ne ya saka shi ba, 'yan wasa ne suka ɗora wa kansu: dabbar farko da aka gamu da ita a kowane yanki ita kaɗai za a kama, wadda kuma ta faɗi a faɗa ta tafi ke nan. Gem ɗin yara ya koma abin da ke sa gaban manya faɗuwa.

Ana iya yin irin wannan a kowane wasa. Kafin a danna farawa, a zauna a yanke wa jarumi abu uku: daga ina ya fito, me yake ci da shi, mene ne ba zai taɓa yi ba. A Skyrim ko Morrowind ana iya yin falke, irin fataken da suka riƙa ratsa wannan yanki tsakanin Kano da Damagaram da Borno. Ba ya sata, ba ya shiga faɗan da ba nasa ba, yana saye a nan ya sayar a can, yana kwana a masauki idan dare ya yi. Ana iya yin maharbi wanda baka da kibiya kaɗai ya sani, ko maƙeri wanda ba ya saka sulken da ba shi ya ƙera ba.

A San Andreas, mutum zai iya ajiye bindiga na mako guda ya rayu da halak. Gem ɗin da kansa yana saka wa mai yin haka. Wanda ya ɗauki fasinja 50 a tasi, tasinsa na samun ƙarin gudu na naitiro. Wanda ya kai mataki na 12 a motar kashe gobara, wuta ta daina ƙona CJ. Mataki na 12 a motar asibiti yana ƙara masa tsawon rai. Akwai aikin tuƙa tirela a karkarar Flint County, akwai makarantar tuƙi a San Fierro, akwai ta jirgin sama a hamada. Da yawa daga waɗanda suka ce sun gama wannan gem ba su taɓa leƙa ko ɗaya daga ciki ba.

Wasu wasannin sun zo da tsauraran dokokin a shirye. Fallout New Vegas, wanda ke gudana a hamadar Mojave ta Amurka, yana da yanayin da jarumi ke jin ƙishirwa da yunwa da barci, harsashi ma yana da nauyi. Ɗan Sule Tankarkar da ya san tafiya a rairayi da tsakar rana a watan Afrilu ba sai an yi masa bayanin darajar gorar ruwa ba. Exiled Kingdoms kuma yana da yanayin da mutuwa ɗaya ke rufe wasan gaba ɗaya.

Zagaye na biyu

Ganin sunayen masu aikin gem na hawa allo ba ya nufin an ga komai. Manyan RPG an gina su ne da rassa, kuma ba a iya bin reshe biyu a tafiya ɗaya. New Vegas yana da manyan ƙarshe huɗu, gwargwadon ɓangaren da aka mara wa baya, har da wanda mai wasa ke ƙin kowa ya riƙe garin da kansa. Akwai waɗanda suka kammala shi da baki da dabara, ba su kashe kowa da hannunsu ba. The Witcher 3 na 2015, daga ƙasar Polan, yana da manyan ƙarshe uku, kuma abin da ke yanke su ƙananan maganganu ne da jarumi ya yi da 'yar riƙonsa tun can baya, lokacin da mai wasa bai san ana auna shi ba. Elden Ring na 2022 yana da shida. A Skyrim akwai ƙabilu goma da za a zaɓa, ga yaƙin basasa mai ɓangare biyu.

Stardew Valley ma da ake gani kamar wasan shuka ne kawai yana da mararraba. Mai wasa zai zaɓi ya farfaɗo da zauren taron ƙauye ta hanyar kai amfanin gona, ko ya biya babban kamfanin Joja kuɗi ya yi aikin. Shekararsa yanayi huɗu ce, kowanne kwana 28, kuma shukar da ba ta nuna ba kafin yanayi ya juya ta bushe. Duk wanda ya taɓa shuka gero ko wake a makare ya san wannan lissafin.

Dabarar zagaye na biyu ita ce a saɓa wa na farko da gangan. Wanda ya yi mai takobi ya koma mai sulu da kwari da baka. Wanda ya yi mai tausayi ya gwada mai son kuɗi. A kuma bar tazara, ko da wata guda ce, don a ɗan manta hanyoyi. Wasu wasannin suna da tsarin sake farawa da kayan da aka tara amma abokan gaba sun ƙara ƙarfi, tsarin da gem ɗin Chrono Trigger na Japan ya raɗa wa suna New Game Plus tun 1995.

Tarkon gem ɗin kyauta

Mai buga Genshin Impact da ire-irensa yana buƙatar ya san inda kamfani ke samun kuɗi. Sababbin jarumai ba a sayensu kai tsaye, ƙuri'a ake ja. Kowane ja ɗaya yana cin duwatsu 160 na cikin gem. Damar samun jarumi mai tauraro biyar a ja na yau da kullum kashi 0.6 ce cikin ɗari. An ba da tabbacin samu a ja na 90, amma ko a nan rabi da rabi ne ya zama wanda ake nema, don haka cikakken tabbaci na iya kaiwa ja 180, wato duwatsu 28,800. Ayyukan kullum suna ba da 60 a rana. Da a kansu kaɗai za a dogara, kwana 480 ke nan. An tsara tazarar ne don mutum ya gaji ya ciro katin banki.

Ba a banza ba ƙasar Sin ta wajabta wa kamfanoni bayyana irin waɗannan alƙaluma tun 2017, hukumar kula da caca ta Beljiyam kuma a 2018 ta sanya akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a sahun caca. Ana iya zaga duniyar Genshin da bin labarinta da jaruman da ake bayarwa kyauta. Wanda ya ga ya fara buɗe gem don tsoron kada ladan yau ya wuce shi, ko ya fara taɓa kuɗin jari ko na makaranta, lokacin ajiye shi ya yi. Gem ɗin da ba ya neman intanet yana da wannan falala: a dakatar da shi a tafi masallaci ko gona ko aji, a dawo bayan mako a same shi inda aka bar shi.

Zafi, batir da sebin

Waya ba ta ɗaukar duniyar gem gaba ɗaya a lokaci guda. An yanka ta gunduwa-gunduwa. Yayin da jarumi ke tafiya, waya na ɗauko abin da ke gabansa tana zubar da na bayansa. A Minecraft kowace gunduwa faɗinta bulo 16 ne sau 16. Iya nisan da aka ce waya ta nuna, iya aikin da take yi, iya zafin da take ɗauka. Idan ta yi zafi sosai, sai ta rage wa kanta gudu don kada ta lalace, a nan ne gem ke fara sarƙewa.

Kamfanin Apple ya ce an ƙera wayoyinsa su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, sauran wayoyi ma ba su yi nisa da haka ba. A ƙasar Gumel, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana kan haura digiri 40. Don haka a rage nisan gani, a kashe inuwa da ƙyallin motoci a saitin San Andreas, a bar gem a kan hotuna 30 a daƙiƙa maimakon 60. A cire wa waya riga lokacin wasa. A guji wasa tana jone a caji ko a fawa banki, domin zafi biyu ne ke haɗuwa, kuma zafi ne babban mai tsufar da batir. Wasa bayan isha'i ko da sanyin safiya ya fi wa waya sauƙi. A Play Store kuma a saita sabunta manhajoji ya zama sai an samu Wi-Fi, kada data ta zube cikin dare.

Sai batun sebin. A riƙa amfani da gurabe biyu ko uku ana juyawa, a kuma ware guda kafin kowace babbar mararraba a labari, don a dawo a bi ɗaya reshen ba sai an faro daga tushe ba. A tuna cewa goge gem kan tafi da ajiyarsa, haka ma filashin a wajen mai gyara. Daga Android 11 zuwa sama, shiga jakar da wasanni ke ɓoye bayanansu ya yi wuya, don haka gem ɗin da ke da ajiya a asusun Google ko na kamfaninsa, a kunna ta ko da sau ɗaya a mako lokacin da sabis ya samu.

A mayar da shi na majalisa

Wasan mutum ɗaya ma yana daɗewa idan akwai wanda ake ba labari. Abokai uku za su iya fara gem ɗaya rana ɗaya, kowa ya ɗauki irin jaruminsa, a haɗu a majalisa ko wajen mai shayi a kwatanta abin da ya faru da kowa. A nan ake gane cewa mutumin da wani ya kashe a kan hanya, shi ne ya ba wani babban aiki. A Minecraft, duk waɗanda suka saka lambar iri ɗaya a sigar gem ɗaya za su samu duniya iri ɗaya, sai a ɗiba mako guda a ga wanda ya fi gina gari. Waɗanda ke zaune wuri ɗaya kuma za su iya haɗa wayoyinsu ta hotspot su shiga duniya guda. Ko waya ɗaya ce tak a tsakanin mutum huɗu, ana iya yin karɓa-karɓa: wanda jaruminsa ya faɗi ya miƙa wa na kusa.

Alhamis mai zuwa za a sake haɗuwa a rumfar mai caji, za a sake kunna Xender, wani zai ce ya samo sabo. Kafin a share GB uku don a ba shi wuri, yana da kyau a buɗe taswirar tsohon a duba yawan wuraren da ƙafa ba ta taɓa takawa ba. Sau da yawa za a tarar cewa gem ɗin da ake shirin gogewa ko rabinsa ba a gani ba, kuma kuɗin datarsa an riga an biya.